Ergoterafi: aikin da ke taimaka wa yara masu otizim su iya zaman makaranta

A makarantun musamman da ke karɓar yara masu otizim a Faransa, Kanada, Birtaniya da Amurka, akan samu wani ma'aikaci da ba malamin aji ba ne, ba kuma likita ba. Shi ke bin diddigin dalilin da ya sa yaro ke toshe kunne ya zube ƙasa da zarar an kaɗa ƙararrawa, ko ya ƙi cin komai sai abinci iri guda, ko ya kai shekara 8 bai iya ɓalla maɓallin rigarsa ba. Masu jin Faransanci na kiran sana'arsa ergoterafi, wato jiyya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Ergoterafi ba ya warkar da otizim, kuma babu maganin da ke warkar da shi. Ana auna nasarar aikin ne da abin da ido ke gani: yaron ya soma cin abinci da kansa? Yana shiga ban ɗaki ba tare da an kai shi ba? Yana iya zama cikin ƴan ajinsu har a gama darasi?

Mene ne otizim?

Otizim yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma alamunsa kan bayyana tun yaro bai cika shekara 3 ba. Likitoci na duba ɓangare biyu. Na farko shi ne cuɗanya da isar da saƙo: yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don wani ya gani, maganarsa ta yi jinkiri ko kuma ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Na biyu shi ne nacewa kan abu guda da ƙin canji, kamar jera kaya a layi, kaɗa hannuwa, ko tashin hankali idan an sauya hanyar da aka saba bi zuwa makaranta. Ƙarfin yanayin ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Wasu masu otizim na zuwa jami'a, su yi aure, su riƙe aiki, wasu kuma za su buƙaci mai kula da su tsawon rayuwa. Wasu na fama da farfaɗiya ko rashin barci tare da shi.

Likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, shi ne ya yi bayanin yanayin a 1943 bayan ya nazarci yara 11. A 1944 Hans Asperger ya bayyana wasu yaran masu kama da su a Ostiriya. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a 2023 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin 100 na da otizim. A Amurka, inda ake yawan tantance yara, alkaluman da hukumar CDC ta fitar a 2023 sun kai ɗaya cikin 36 a tsakanin ƴan shekara 8. An fi gano shi ga maza.

Bincike ya nuna gado na da babban kaso a cikin musabbabinsa. Laifin tarbiyya ba ya haddasa shi, haka ma allurar rigakafi: maƙalar 1998 da ta yaɗa wannan zargi, mujallar Lancet ta janye ta a 2010. A kafafen labarai na Hausa akan ji kalmar galahanga, sai dai ana amfani da ita ga yanayi daban-daban da ba su da alaƙa da juna, shi ya sa aka riƙe kalmar otizim a nan.

Asalin sana'ar

Kalmar ergoterafi ta samo tushe daga kalmar Girkanci mai ma'anar aiki. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a watan Maris na 1917 a garin Clifton Springs da ke jihar Niyok. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a Eleanor Clarke Slagle. Ra'ayinsu shi ne majinyacin da aka bari zaune ba abin yi ƙara lalacewa yake yi, wanda kuma aka ba aikin hannu mai ma'ana a gare shi yakan farfaɗo. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ba sana'ar ƙarfi, domin an yi amfani da ita wajen mayar da sojojin da suka ji rauni ga sana'o'insu. An kafa tarayyar masu ergoterafi ta duniya a 1952. Faransa ta ƙirƙiro takardar shaidar gwamnati ta wannan karatu a 1970, kuma shekara 3 ake yi ana koyonsa.

Shigar sana'ar makarantu ta ƙarfafa ne da dokar Amurka ta 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar duk yaro mai naƙasa, ta kuma sa ergoterafi cikin hidimomin da za a ba shi idan karatunsa na buƙata. A 1990 aka ƙara otizim cikin jerin yanayin da dokar ta ambata da suna.

Idan ana maganar yaro, aiki na nufin abin da yaro ke yi da yininsa: wasa, cin abinci, sa tufafi, wanke hannu, rubutu, bin sahu. Nan ne bambancin masanin ergoterafi da abokan aikinsa yake. Mai gashin jiki yana kula da ƙarfin tsoka da gaɓoɓi. Mai koyar da magana yana kula da harshe da fahimta. Masanin ergoterafi kuwa yakan soma daga aikin da ya gagari yaro, ya koma baya yana neman inda ya cije.

Yadda Faransa ta tsara abin

Faransa misali ce mai amfani, domin ta daɗe a baya a wannan fanni kafin ta sauya hanya. Shekaru da dama an ɗauki otizim a can a matsayin ciwon zuciya da ke fitowa daga dangantakar uwa da ɗa, aka riƙa tura yara asibitin ƙwaƙwalwa maimakon aji. A 2003 kwamitin kare haƙƙin zamantakewa na Majalisar Turai ya yanke cewa Faransa ta gaza ba masu otizim haƙƙinsu na ilimi. Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta ba kowane yaro mai naƙasa ƴancin a yi masa rajista a makarantar unguwarsu, ta kuma kafa ofishi a kowace gunduma, wanda ake kira MDPH, da ke duba takardun yaro ya yanke inda ya dace da shi.

A yau akwai hanyoyi da dama. Cibiyoyin IME su ne makarantun musamman, inda ake haɗa karatu da jiyya ga yara da matasa har zuwa shekara 20. Daga 2014 aka soma buɗe azuzuwan UEMA a cikin makarantun renon yara na kowa da kowa: kowane aji na ɗaukar yara 7 masu shekara 3 zuwa 6, tare da malami mai horo na musamman da ma'aikatan jiyya. A irin waɗannan wurare ne masanin ergoterafi ke aiki, wani lokaci cikakken mako, sau da yawa kuma kwana ɗaya ko biyu, yana raba lokacinsa tsakanin cibiyoyi.

Kuɗi ma na cikin matsalar. Inshorar lafiya ta gwamnatin Faransa ba ta saba biyan masanin ergoterafi mai zaman kansa ba. Sai a 2019 aka fito da wani tsari wanda a lokacin yake biyan kuɗin bincike da jiyya na shekara guda ga yara ƴan ƙasa da shekara 7 da ake zargin suna da matsalar girman ƙwaƙwalwa, tun kafin a tabbatar da sunan abin da ke damunsu.

Binciken farko

Aikin na farawa da kallo. Masanin yakan zauna a bayan aji, ya bi yaro ɗakin cin abinci da filin wasa, ya tambayi malami da iyaye. Akwai takardun tambayoyi da aka tanada. Ɗaya ita ce wadda Winnie Dunn ta fitar a 1999, inda iyaye ke bayyana yadda yaro ke karɓar ƙara, haske, taɓawa da motsi. Wata kuma daga Kanada ta fito a 1991, wadda ake kira COPM: iyaye su zaɓi ayyuka har guda biyar da suka fi damunsu, su ba kowane maki daga 1 zuwa 10, bayan wasu watanni a sake ba da makin a ga ko an motsa.

Daga nan sai a rubuta buri. Buri mai kyau yana da iyaka kuma ana iya ƙirga shi. Cewa ana so yaro ya natsu bai isa ba. Abin da ake rubutawa shi ne, misali, nan da wata uku zai wanke hannu da kansa kafin cin abinci yana bin hotuna, sau huɗu cikin biyar.

Masu sana'ar na duba abu uku tare: yaron, aikin, da wurin da ake yin aikin. A ɗauki yaro ɗan shekara 6 da ke gudu daga ɗakin cin abinci kullum. Yana iya zama hannunsa ne bai iya sarrafa cokali ba, sai a koya masa. Yana iya zama an cakuɗa masa abinci ne alhali ba ya jure miya ta taɓa shinkafa, sai a raba masa a faranti mai ɗakuna. Yana iya zama kuma ƙarar kwanoni da hayaniyar yara ce ta fi ƙarfinsa, sai a shigo da shi minti goma kafin sauran, a zaunar da shi a lungu. Hali ɗaya ne a ido, amma dalilai uku ne, kowane da nasa gyara. Wanda ya ɗauki gudun a matsayin taurin kai ya kama bulala bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kula da kai

Sa tufafi, shiga ban ɗaki, goge haƙora da cin abinci su ne suka fi cin lokacin masanin ergoterafi a makarantar musamman, domin su ne ke yanke ko yaro zai dogara da wani idan ya girma. Dabarar da aka fi sani ita ce gutsuttsura aiki zuwa ƙananan matakai. Wanke hannu kaɗai ya ƙunshi buɗe famfo, jiƙa hannu, shafa sabulu, cuɗawa, ɗauraye, rufe famfo da gogewa. Sau da yawa ana soma koyarwa daga matakin ƙarshe: babba ya yi duk sauran, ya bar wa yaro gogewar kawai. Idan ya iya, a bar masa biyun ƙarshe, a haka har ya karɓe aikin duka. Amfanin wannan shi ne kullum yaron ne ke kammala aikin, ya ga sakamakon da hannunsa.

Taimakon ma ana janye shi sannu a hankali. A farko a kama hannun yaro a yi tare, sai a koma taɓa gwiwar hannu, sai nuni da yatsa, sai hoto kaɗai a bango. Idan ba a janye ba, yaro kan saba da jiran umarni, ya tsaya gaban famfo har sai an ce masa ya buɗe.

A batun abinci, masu otizim da yawa na da zaɓe mai tsanani, wasu ba sa cin abin da ya wuce iri uku ko huɗu. Ɗura da tilas kan ƙara ƙiyayya. Abin da ake yi shi ne kusantar da sabon abinci mataki-mataki: ya yarda a ajiye shi a teburi, ya taɓa, ya shinshina, ya lasa, kafin ya kai ga tauna. Kafin a soma, likita ya duba ko akwai ciwon haƙori, taurin bayan gida ko matsalar haɗiya, domin yaron da ba ya magana ba zai faɗi inda ke masa ciwo ba.

Rubutu da aikin hannu

Rubutu na buƙatar zama daidai, kafaɗa mai ƙarfi, yatsu masu iya rarrabe motsi, da ido mai bin hannu. Masanin kan fara da kujera: tafin ƙafa ya taka ƙasa, teburi ya yi daidai da gwiwar hannu. Sai wasannin da ke ƙarfafa yatsu, irin su murza yumɓu, zura duwatsu a zare, yanka takarda da almakashi da ɗaukar ƙananan abubuwa da matsefi. Rubutu a allon da ke tsaye na ƙarfafa wuyan hannu, kuma guntun fensir ko guntun alli na tilasta wa yaro riƙo da yatsu uku. Idan an yi shekaru rubutun hannu bai samu ba, ana komawa ga madannin kwamfuta ko katunan haruffa, domin burin shi ne yaro ya nuna abin da ya sani.

Gyaran aji

Babban kaso na aikin ba a jikin yaro ake yin sa ba, a ɗakin ake yi. Tsarin TEACCH, wanda Eric Schopler ya jagoranta a Jami'ar Arewacin Karolina kuma ya zama shirin jiha a 1972, ya ginu ne kan lura cewa masu otizim da yawa sun fi fahimtar abin da suka gani a kan abin da suka ji. Saboda haka akan raba aji gida-gida: wurin aiki daban, wurin wasa daban, wurin hutawa daban. Kowane yaro na da jadawalin hotuna da ke nuna abin da zai yi yanzu da abin da ke biye. Ana ajiye aikin da ba a yi ba a hagu, wanda aka gama a dama, yaro ya ga da idonsa cewa aikin na da ƙarshe.

Masanin ergoterafi na ƙara nasa: rage hotunan da suka cika bango, nesanta yaro daga ƙwan lantarki mai ƙyaftawa ko fanka mai ƙara, sanar da shi kafin a kaɗa ƙararrawa, ba shi abin toshe kunne lokacin taro, da ware wani lungu mai shiru da zai je da kansa idan abin ya yi masa yawa. Wannan lungu ba wurin horo ba ne, kuma ba a kulle yaro a ciki. Ga yaran da ba sa magana, yakan haɗa kai da mai koyar da magana wajen amfani da katunan hoto, kamar tsarin PECS da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a 1985, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi.

Tsaro ma na cikin lissafi. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2012 ya gano kusan rabin yaran da aka nazarta a Amurka sun taɓa ƙoƙarin sulalewa daga wurin da ake kula da su bayan sun cika shekara 4. Shi ya sa ake duba ƙofofi, katanga da duk wani ruwa da ke kusa da makaranta.

Batun ji da jiki

Yawancin masu otizim na karɓar saƙon gaɓoɓin ji ta hanyar da ta bambanta da ta sauran mutane. Wani ƙarar da ba ta dami kowa ba tana yi masa zafi kamar ana soka masa allura, ko ɗinkin wuyan riga ya hana shi sakat. Wani kuma akasin haka: ba ya jin zafin rauni, yana neman juyi da tsalle da matsi ba ya gajiya. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan cikin alamun da ake tantance otizim da su.

Wadda ta fi kowa tasiri a nan ita ce A. Jean Ayres, masaniyar ergoterafi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ta rasu a 1988. A littafinta na 1972 ta yi bayanin cewa ban da gani, ji, shinshina, ɗanɗano da taɓawa, akwai ma'aunin daidaito da ke cikin kunne, da kuma jin inda gaɓoɓi suke ko da ido a rufe, kuma koyo ya dogara da yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonnin nan. Jiyyar da ta tsara ana yin ta a ɗaki mai lilo iri-iri, katifu da abubuwan hawa, yaro na wasa masanin na ƙara masa wahalar wasan kaɗan-kaɗan.

Hujjar amfanin wannan jiyya ba ta tsaya wuri guda ba. A 2012 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce binciken da ke goyon bayanta kaɗan ne, ta shawarci a sanar da iyaye haka kuma a sa wa'adin gwaji. Wani gwaji da Roseann Schaaf ta jagoranta kan yara 32, wanda aka buga a 2014, ya nuna ci gaba a burin da iyaye suka zaɓa bayan mako 10. Amma gwaji mafi girma da Jami'ar Cardiff ta gudanar a Birtaniya kan yara 138, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022, bai ga jiyyar ta fi kulawar da aka saba ba wajen rage matsalolin hali. Darasin da ke ciki shi ne ɗaki mai kaya masu tsada ba shi ne ma'aunin makaranta mai kyau ba. Duk abin da aka gwada, a ɗaura shi da buri, a auna, idan bai yi ba a bari.

Inda aka yi kuskure

Wasu kayan na da haɗari. A watan Afrilu na 2008, a wata makarantar musamman da ke lardin Kebek na Kanada, an naɗe wani yaro mai otizim ɗan shekara 9 cikin bargo mai nauyin kusan kilo 18 don ya yi shiru, aka bar shi fiye da minti 20. Ya rasu. Jami'ar da ta binciki musabbabin mutuwar ta gano numfashi ne ya ƙwace masa. Bayan haka aka tsaurara ƙa'idoji a lardin: kada a rufe kan yaro, kada a bar shi ba mai kallo, ya zama zai iya cire bargon da kansa, kuma kada a yi amfani da shi a matsayin horo. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda aka buga a 2014, ya gano irin wannan bargo bai ƙara wa yara masu otizim tsawon barci ba, ko da yake yaran da iyayensu sun so shi.

A Faransa kuma an daɗe ana naɗe wasu yara cikin zannuwa masu jiƙa da sanyi a wasu asibitoci da cibiyoyi, da sunan jiyya. A shawarwarinta na watan Maris 2012, babbar hukumar lafiya ta ƙasar, HAS, ta nuna adawa da wannan ɗabi'a a fili. Shawarwarin sun fifita koyarwa da horon da aka tsara, a soma da wuri, tare da sa hannun iyaye.

Malamai da iyaye

Masanin ergoterafi na iya ganin yaro minti 45 a mako, malami na tare da shi awoyi da dama kullum, iyaye kuma sauran lokacin duka. Ƙari a kan haka, masu otizim kan sha wuya wajen ɗaukar abin da suka koya a wuri ɗaya su kai wani wurin. Yaro na iya wanke hannu daidai a ɗakin jiyya, ya kasa a gida don famfon ya bambanta ko don buta ake amfani da ita. Wannan ya sa makarantu da yawa suka rage fitar da yaro daga aji, masanin ne ke shiga ajin ya yi aiki gaban malami, ya koya wa mataimaka, ya aika wa gida da hotunan matakan da ake bi. Shi ma yana koyo daga uwa, domin ita ta san abin da ke kwantar wa ɗanta hankali.

Manya masu otizim su ma sun sa baki a muhawarar. Da yawansu sun soki horon da ke tilasta wa yaro kallon ido ko hana shi kaɗa hannu don kawai ya yi kama da sauran, suna cewa motsin na rage musu damuwa. Masu ergoterafi da dama a yau ba sa hana irin wannan motsi sai idan yana raunata yaro ko wani, a nan ma nema masa madadin da ba ya cutarwa ake yi.

Halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, Najeriya kuma a 2010. Sashe na 24 na yarjejeniyar ya tanadi haƙƙin ilimi, na 26 kuma hidimomin farfaɗowa. Sai dai masu ergoterafi ƙalilan ne a yankin, kuma galibi a manyan birane suke. Najeriya na da makarantar tarayya ta koyon sana'ar a Oshodi da ke Legas, Jami'ar Ghana kuma ta soma ba da digiri a fannin a 2012.

Saboda irin wannan ƙaranci a ƙasashe da dama ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin horar da iyaye da masu reno, na yara ƴan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma ko otizim. Ya ƙunshi zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, kuma ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne ke gudanar da shi bayan an horar da su. An gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya. Ba ya maye gurbin masani, amma yana koyar da dabarun da aka ambata a sama: gutsuttsura aiki, shiga wasan yaro, da neman dalilin hali kafin a mayar da martani. Mafi yawansu ba sa buƙatar kayan waje. Ana iya zana jadawali a kwali, a yi atisayen yatsu da yumɓu da zare, a ware inuwa mai shiru a harabar makaranta.

Tambayoyin da suka kamata iyaye su yi

Duk iyayen da za su sa ɗansu a makarantar musamman na da haƙƙin tambayar wace takardar shaida mai jiyyar ke da ita kuma daga ina. Su nemi a rubuta musu burin da aka sa wa yaron da ranar da za a sake aunawa. Su tambaya ko za a bar su su kalli zaman jiyya, da abin da za su riƙa yi a gida. Su tambaya kuma yadda ake yi da yaro idan hankalinsa ya tashi: makarantar da ke duka, ɗauri, naɗewa ko kulle yaro a ɗaki ba wurin barin ɗa ba ce. Wanda kuma ya yi alkawarin warkar da otizim cikin wasu watanni, da na'ura ko da magani, yana faɗin abin da babu binciken da ya tabbatar.

Ana bikin ranar wayar da kai kan otizim ta duniya a 2 ga Afrilu, bisa ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 2007, ranar ergoterafi ta duniya kuma a 27 ga Oktoba.